Jar Bobin da Farin Dutse

Litinin 12 ga Mayu, bayan la'asar

Saƙon ɗana Munir ya iso. Daga Abijan ya sako shi zuwa Madawa, wani direban motar albasa ya ƙaraso da shi nan Buza. Na buɗe kwalin a gaban matata Kulu. Sabuwar bobin ce ta mota, ja wur, tana sheƙi har ina ganin gemuna a jikinta. Munir ya ce a waya wannan ba irin tsohuwar baƙar da ke cikin 504 ɗina ba ce, mai ƙarfi ce, mota za ta riƙa tashi da kile ɗaya, wato murɗa makulli sau ɗaya. Ɗa ya tuna da ubansa. Na ba shi sha tara bisa ashirin. Ɗayan na riƙe ne don shekara talatin da huɗu ina riƙe da alli ban taɓa ba kowa ashirin ba.

Kulu ta tambaya ko abin zuba ruwan zafi ne. Na yi mata bayani yadda ya kamata: wutar batir ƙarama ce, bobin ke ɗaga ta ta aika wa buji, wato fulogi, buji su kunna esansi, man fetur ke nan, cikin inji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita kwalin take so.

Cikin kwalin akwai takarda mai shafi huɗu, na ninke ta na sa aljihu. Akwai kuma wani ɗan farin dutse, tsawon yatsa, da ƴan kunnuwa biyu na ƙarfe. Irin abin nan ne da ake jefawa cikin kwalin takalmi don kada laima ta kama kaya. Na bar mata shi a ciki.

Gobe zan kai wa Shafi'i ya gani. Shekara talatin da ɗaya babu hannun da ya taɓa injin motar nan sai nasa, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan nake shan shayin la'asar a garajinsa, kan bencin da ke gindin dogon yaro. Duk Buza Direkta ake ce mini, don na shugabanci makaranta, har Kulu in tana jin tsokana. Shi kaɗai ke kirana Hamidu. Laraba kafin Layya ni da shi za mu je Azarori ɗauko raguna, kamar kowace shekara. Bana za mu isa kafin rana ta yi zafi.

Talata 13 ga Mayu, bayan magariba

Na je garaji. An yi magana. Ban sha shayi ba.

Mutum ya karɓi kyautar ɗanka ya juya ta kamar ya tsinci mataccen ɓera. Bai ce ta yi kyau ba. Abin da ya fara fita bakinsa shi ne, “Ina hwarin dutsin da taz zo da shi?” Na ce babu wani dutse. Ya ce irin wannan bobin ta fi tsohuwa cin wuta, in ba a sa mata dutsen nan ya rage mata ba za ta dafa kanta, ta ƙone bis-filatine, wato ƴan ƙarafan nan biyu da ke taɓa juna cikin dalko, mai raba wa buji wuta. Ya ce ma tsohuwar ba ta yi laifin komai ba. Duk wannan a gaban ƴan fada masu zaman shayi, da Baraka mahauci da sauransu, ni ina tsaye da takarda a hannu.

Ni ma na ba shi amsa. Ba zan rubuta ta a nan ba, kayen nan, littafin rubutuna, ba wurin kowace magana ba ne. Baraka ya ajiye kofinsa bai sha ba. Shafi'i ya miƙo mini bobin da hannu biyu, ya shiga ƙarƙashin wata mota da na san tun jiya aka gama gyaranta.

Zan sa ta da kaina.

Laraba 14 ga Mayu, da hantsi

Na sa ta.

Ina rubuta yadda aka yi don na baya su amfana. Na fara cire kan batir, wannan ko jaki ya sani. Tsohuwar bobin wayoyi uku gare ta: siririya daga kile, siririya zuwa dalko, da mai kauri a tsakiya. Na karɓi jan zare wurin Kulu na ɗaura wa ta kile don kada in rikita su. Na kwance baƙar, na ga sabuwar ta fi zoben da ke riƙe ta siranta, tana rawa a ciki. Na yanko tsohuwar roba ta taya na naɗa mata. Ta zauna daram. Ƙari ga ƙari, ragi ga ragi, mai kauri a tsakiya. Minti arba'in, har da neman goron da ya faɗa cikin yashi.

Sai na ce bari in gwada wutar yadda na sha ganin ana yi. Na zare waya mai kauri daga dalko, na kusantar da bakinta jikin inji, na ce Kulu ta shiga ta murɗa kile. Abin da ban lura ba a shekarun nan duka shi ne, da filaya ake riƙe ta. Kulu ta murɗa. Wallahi daga tsakar gidana na hango garin Keita. Hulata ta faɗa cikin kwanon kaji.

Kulu ta leƙo ta taga ta ce, “Malam, in ƙara?”

Munir bai yi ƙarya ba, wutar ta kai wuta. Na mayar da wayar, na murɗa da kaina, mota ta tashi da kile ɗaya. Ta yi wata murya da rabon in ji ta tun muna da ƙuruciya, ni da ita. Sha takwas bisa ashirin.

Laraba, bayan la'asar

Na fita zaga gari. Hanya ta bi da ni ta ƙofar garaji sau uku. Ba ni na shata titunan Buza ba.

Alhamis 15 ga Mayu, la'asar

Motar lafiya lau. Ban je garaji ba.

Juma'a 16 ga Mayu, bayan masallaci

Mun haɗu wurin takalma. Na ce ina wuni. Ya ce, “Lahiya lau, Direkta.” Ya sa takalmansa ya wuce.

Direkta. To, ai sunana ne.

Na sayi shayi da sukari, na dafa a gida. Kulu ta kurɓa ta ce ko maganin shawara nake haɗawa. Shida bisa ashirin.

Lahadi 18 ga Mayu, bayan isha'i

Jiya na je suna wani ƙauye kan hanyar Keita. Ban so rubutawa ba, amma kaye na gaskiya ne.

Kilomita goma sha biyu mota na tafiya kamar ruwa. Na wuce wani dattijo a kan amalanken jaki, har na ɗaga masa hannu. Da muka hau tudu sai ta fara tari, ta yi shiru. Na buɗe kapo, murfin inji, na duba ko'ina, komai na wurinsa. Na ɗora yatsa kan bobin. Yanzu da babban yatsa da na tsakiya nake riƙe biro.

Na zauna gindin gawo. Dattijon ya zo ya wuce, ya ce sannu. Bayan rabin awa na murɗa, ta tashi kamar ba ita ba. Na sake wuce shi, wannan karon ban ɗaga hannu ba. Kilomita tara, ta sake mutuwa. Ya sake zuwa ya wuce, ya ce sannu. A karo na uku ya tsayar da jakin ya ce shi ma sunan zai je, ko ya gaya musu ina tafe?

Na iske an watse, sai wanke tukwane. Dattijon ya ajiye mini ɗan goro.

Esansin bana ba shi da kyau, kowa ya sani. Ga zafin rana.

Talata 20 ga Mayu, da safe

Na gano magani. In aka jiƙa tsumma aka naɗa wa bobin, tana kai kilomita goma sha huɗu kafin ta nemi wani. Na zana tebur a bayan kayen nan, da nisa, da zafin rana, da yawan ruwa. Daga nan zuwa Azarori, da dawowa da raguna biyu, bido ɗaya, wato jarkar ruwa, ya isa in ba a sha ba.

Kulu ta ga tsohon rawanina a cikin inji ta tambaya ko motar zazzaɓi take yi. Ta ce in kai ta likita. Na ce wane likita. Ta ce na san shi, gidansa ma ba nisa. Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Motar lafiya lau. Ban je garaji ba.

Alhamis 22 ga Mayu, bayan la'asar

Kwana uku ina bin bayan firifektir, ofishin hukuma, in zan je kasuwa, don hanyar ta fi inuwa. Yau an toshe ta, ana sauke yashi. Dole na bi ta babban titi. Duk faɗin Buza, duk tsawonta, motar nan ba ta ga wurin mutuwa ba sai daidai ƙofar garaji. Ƴan fada na zaune, butar shayi na kan wuta.

Na fito a hankali, na rufe ƙofa kamar dama nan na nufa, na tsallaka titi wurin mai ƙosai. Na san bobin na bukatar rabin awa. Na ci ƙosai biyar. Na duba agogo, minti bakwai. Na ci shida. Mai ƙosan ta tambaya ko Kulu ba ta da lafiya ne. Na ce lafiyarta lau, ƙosanta ne ke da daɗi. Ba shi da daɗi.

Ban waiwaya ba, amma gilashin shagon da ke gefe yana nuna komai. Bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Wurin zamana a benci babu kowa, an ɗora wani tsohon radiyeto a kai. Na ji zafin radiyeton nan fiye da zafin yatsana.

Ta tashi bayan ƙosai goma sha huɗu. Ban ci tuwo ba.

Asabar 24 ga Mayu, da hantsi

Munir ya kira. Ya tambayi lafiya, ya tambayi ruwa, sannan ya ce yaya bobin. Na ce sha takwas bisa ashirin. Ya yi dariya, ya ce ai ya san Baba Shafi'i zai sa ta yadda ya kamata, shi dai fatansa an haɗa da rezistans ɗin, farin abin nan, don mai shagon ya ja masa kunne a kai har sau biyu.

Rezon waya ya yanke. Ko dai ni na yanke, ban tuna ba.

Asabar, bayan azahar

Na tambayi Kulu kwalin, kamar ba wani abu ba. Ta ce ta zuba kuɓewa busasshiya. Na ce da ɗan tarkacen da ke ciki fa? Fuskarta ta yi haske. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa ba ta abu mai amfani kamar dutsen nan ba. Wuƙarta da ta shekara tana murje tumatir, sau uku ta goga ta a jikinsa, yanzu tana yanka albasa har ana ganin rana ta ciki.

Na ce ta kawo shi in gani. Ta ce yana wurin Jima, maƙwabciyarmu, ta ara tun makon jiya. Sannan ta dube ni irin duban da take yi mini in na ce ba ni na shanye furar ba, ta ce, “Halan na mota na?”

Na ce nazari nake so in yi a kansa.

Lahadi 25 ga Mayu, la'asar

Tsohon direktan lakwal, wato makarantar boko, mai takardar yabo biyu, ya tsaya a ƙofar gidan Jima yana sallama don neman dutsen wasa wuƙa. Jima ta ce ta ba ƙanwarta. Ƙanwar ta ce ta ba uwar mijinta. Tsohuwar ta sa na zauna, ta ba ni labarin ciwon gwiwarta tun daga farko, sannan ta ce Baraka mahauci ya gan shi a hannunta ya roƙa, don Layya ta matso kuma wuƙaƙen rabin gari suna wurinsa.

Baraka. Duk mahautan duniya.

Litinin 26 ga Mayu, da safe

An yi ruwan farko, mutane sun fita shuka. Ban je wurin Baraka ba. Ban je garaji ba.

Talata 27 ga Mayu, da safe

Ta ƙi tashi. Ba zafi, ba tudu, a tsakar gida da sanyin safe. Na buɗe dalko na duba ƴan ƙarafan nan biyu. Sun yi baƙi, sun cinye, kamar haƙoran mai cin goro. Na san wanda ya faɗi haka zai faru, da ranar da ya faɗa, da inda nake tsaye.

Na rufe kapo. Saura kwana takwas Laraba.

Alhamis 29 ga Mayu, bayan azahar

Na je rumfar Baraka. Na sayi nama da ba mu bukata, na yaba masa kitse, na tambayi iyali, sannan na ce af, wai wani ɗan farin dutse na Kulu yana wurinsa?

Ya ci gaba da sara bai dube ni ba. Ya ce ya kwana biyu a wurinsa, kuma bai taɓa ganin dutse mai ci irinsa ba. Amma ranar da ya je fada da shi a aljihu yana nuna wa mutane, Shafi'i ya gani, ya miƙo hannu, ya karɓa, ya sa a aljihun rigarsa. Yau kwana tara.

Kwana tara. Wato ranar da nake cin ƙosai a ƙofarsa, dutsen na aljihunsa.

Na ce bai ce komai ba? Baraka ya ce ya ce mai shi ya san hanya. Sannan ya ajiye wuƙar ya ce, “Direkta, ni ban yi lakwal ba, amma maganag ga da kay yi, ko ga kare ba a yin ta.” Na karɓi namana na tafi. A hanya na shirya amsoshi uku masu kyau, babu wadda ta kai gida.

Juma'a 30 ga Mayu, bayan masallaci

Na yi salla a sahun baya. Kaza ta yi ƙwai a kujerar direba.

Lahadi 1 ga Yuni, bayan la'asar

Na yanke shawara zan rubuta masa wasiƙa. Rubutu aikina ne, a takarda ba na in'ina. Na fara da Faransanci, na ga ya yi kama da takardar neman hutu, na yaga. Na sake da Hausa. Ta yi kyau ƙwarai, shafi ɗaya da rabi, har na ba kaina sha bakwai. Na ninke, na sa ambulan, na rubuta sunansa a baya.

Sai na zauna da ita a hannu. Wa zai karanta masa?

Shekara talatin da ɗaya, duk takardar da ta zo wa Shafi'i ni ke karanta masa. Ta lanho, wato haraji, ta asibiti, saƙon ƴarsa da ke aure a Tawa. Yakan sa ta ƙarƙashin farantin shayi, in mutane sun tashi salla in karanta masa a hankali, in mayar. Ba a taɓa yin zancen a fada ba. Tare muka tashi unguwa ɗaya. Shekarar da aka zo rubuta yara lakwal, ni aka kama ni a bakin rijiya, shi ubansa ya ɓoye shi cikin rumbu kwana biyu, yana ganin ya cece shi. Sau ɗaya tak ya taɓa gaya mini, a hanyar Azarori, raguna na kuka a baya, cewa har yau in ya ga yaro da allo da alli sai ya ji ƙamshin hatsin rumbun nan. Ni kaɗai ya gaya wa.

To ga abin da na ce ranar Talatar da na kai masa bobin, tunda kayen ya gaji da jira. Na ɗaga takardar bobin sama, a gaban Baraka da kowa, na ce wanda aka ɓoye cikin rumbu ba shi zai gaya mini abin da takarda ta ce ba.

Na rubuta. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ina kewarsa.

Akwai saura ɗaya, amma ba yau ba.

Litinin 2 ga Yuni, da safe

Kulu ta ga ambulan ɗin ta tambaya ta wane ne. Na gaya mata. Ta ce in da ƙafa na je na ɓata, da ƙafa zan je in gyara, kuma in sa rigar da na sa ranar, kada in je da babbar riga kamar mai zuwa duba lakwal. Ta cire ƙwai huɗu daga motar.

Talata 3 ga Yuni, bayan magariba

Na je garaji. Da ƙafa.

Na zaɓi la'asar, lokacin da fada ta cika, don a gaban mutane na yi ta farko. Baraka na nan, da duk waɗanda suka ji. Shafi'i na zuba shayi daga sama. A kan farantin, inda kofina ke zama, farin dutsen ne a zaune, gefensa ɗaya ya sha wuƙa har ya lotsa.

Na yi sallama, aka amsa. Babu wanda ya ɗauke radiyeto. Na zaro takardar bobin daga aljihu, ta yi laushi don zufa, na miƙa masa. Bai karɓa ba.

Ya ce, “Karanta muna, Direkta.”

Ga sauran da na ce ba ranar ba. Na ce, “Ban iya ba. Ingilishi na, da wani rubutu na ƴan Sin. Ban san ko kalma guda ciki ba, tun ran da taz zo.”

Sai Baraka ya fashe da dariya har shayi ya fito masa ta hanci, sauran suka bi. Na tsaya na sha, ai na ci bashinta. Shafi'i bai yi dariya ba. Ya goge hannu a wando, ya karɓi takardar, ya juya ta baya, shafin da ban taɓa buɗewa ba don na ga babu rubutu da yawa. Zane ne. Ga batir, ga kile, ga bobin, ga ɗan farin dutse a tsakaninsu, waya ta shiga ta kunne ɗaya ta fita ta ɗayan. An ma kewaye shi da jan layi.

Ya ɗora baƙin yatsansa a kai ya ce, “Ga namu nan, na ƴan rumbu.”

Na ce masa maganar da na yi banza ce, kuma ya ba ni amana na kawo ta kasuwa, ya yafe mini. Ya ajiye takardar. Sannan ya sa ƙafa ya ture radiyeton ya faɗi ƙasa.

“Zamna, Hamidu. Shayi na hucewa.”

Na zauna. Ya zaro kofina daga cikin akwatin kayan aiki, naɗe cikin tsumma mai tsabta. Wannan shayin ban ba shi maki ba.

Talata, kafin isha'i

Ya goya ni a babur muka zo gida. Ya gwada dutsen da ƙwan fitila, ya ce matan Buza sun cinye masa baya amma cikinsa na da rai. Ya ɗaure shi a jikin ƙarfe kusa da bobin, ya yanke wayar da na ɗaura wa jan zare, ya bi da ita ta cikinsa. Ya zare rawanina da yatsa biyu ya miƙo mini bai ce komai ba, na gode masa da hakan. Robar tayar da na naɗa ya ce ta hana ta shan iska, ya cire, ya matse zoben da guduma.

Na ce saura bis-filatine, sai an aika Madawa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da sababbi cikin takardarsu. Na ce yaushe ya saya? Ya ce, “Tun ran da kaw wuce ƙohwata sau ukku. Ina sauraren ta, nic ce wagga ba ta kai Salla.”

Ta tashi da kile ɗaya. Ya sa kunne ya saurara, ya ce Munir bai yi zaɓen banza ba, bobin ɗin mai kyau ce, ta fi tsohuwa nesa. Na ce ai na faɗa. Ya dube ni. Na ce ban faɗi komai ba.

Kulu ta fito ta ga dutsenta a ɗaure cikin inji, Layya saura kwana huɗu. Ta ce ita da wa za ta yi shari'a? Shafi'i ya zaro mata wani tsoho, ƙonanne, da ya taho da shi daga garaji. Ta goga wuƙa ta gwada a kan albasa, ta ce sha biyu bisa ashirin.

Laraba 4 ga Yuni, bayan la'asar

Azarori da dawowa, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Na ɗauki bidon ruwa a ɓoye, raguna suka sha. Shi ya zaɓi mai baƙin kunne, ni na zaɓi wanda ya fi shi ƙaho, ya ce ƙaho na saya. A hanyar dawowa ya zaro wata takarda daga hularsa, ta asibiti ce, ta kwana goma sha biyu a wurinsa bai ba kowa ba. Na tsaya gindin wata aduwa na karanta masa. Ba wani abu ba ne, ranar komawa awon ido ce, kuma ta wuce da kwana biyar. Na ce ni zan kai shi bayan Salla. Ya ce to, amma in aka buɗe kapo shi zai riƙe filaya.

Litinin 9 ga Yuni, la'asar

Motar lafiya lau, babu abin da ya lalace. Na je garaji.